In Yaƙi Ya Bar Fagen Daga, Ɗakin Aure Yake Tarewa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tarukan masana da rahotannin ƙungiyoyin agaji, wai yaƙi, duk da muninsa, yakan buɗe wa mata ƙofa. Maza sun tafi fagen daga, mata sun karɓi gona da masana'anta da ofis, kuma tun daga nan ba a sake iya mayar da su inda suka fito ba. Misalin da ake jawowa kullum shi ne Ruwanda, ƙasar da aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari a 1994, sai ga shi a 2008 ta zama ƙasa ta farko a duniya da mata suka fi maza yawa a majalisar wakilai. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda bai taɓa kwana da ƙarar bindiga ba. Ni dai ban gamsu da ita ba, kuma abin da ya hana ni gamsuwa aikin wasu masana tattalin arziki ne, mutanen da a da nake ganin ba su da hurumin tsoma baki a zancen aure.

Abin da ya sa nake musu wannan kallo kalmarsu ce. Tun da Gary Becker na Jami'ar Chicago ya fitar da nazarinsa kan aure a 1973, 'yan wannan fanni suke ta cewa "kasuwar aure", sai ka ce ana cinikin dabbobi. Kunne ba ya son jin haka, domin duk wanda ya taɓa aure ko ya aurar ya san akwai ƙauna da kunya da addini da zumunci a ciki, abubuwan da ba a ɗora su kan sikeli. Amma in mutum ya daure ya bi su a hankali, zai ga abin da suke nufi bai wuce wannan ba: duk inda masu nema suka fi abin da ake nema yawa, wanda ake nema shi ke gindaya sharaɗi. Yaƙi kuwa ba ya raba mutuwa daidai wa daida. Samari ya fi ci, masu shekarun aure, wasu ya kashe, wasu ya naƙasa, wasu ya jefa su kurkuku ko gudun hijira. In ƙura ta lafa aka ƙirga, sai a tarar, a ce, 'yan mata goma suna duban samari bakwai. Daga wannan ɗan lissafi abubuwa da yawa suke tsirowa, waɗanda bayan shekara talatin za a riƙa kiran su al'ada.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa ta rasa sojoji kusan miliyan 1.4. Asarar ba ta faɗa wa kowane yanki daidai ba, wasu gundumomi sun fi wasu zubar da hawaye, kuma wannan bambanci ne ya ba Ran Abramitzky da abokan aikinsa biyu damar kwatantawa a binciken da suka buga a 2011. A inda aka fi kashe maza, waɗanda suka tsira sun rage auren matan da ba su kai su matsayi ba, tunda zaɓi ya dawo hannunsu. Damar mace ta samun miji ta ragu, haihuwa ba tare da aure ba ta ƙaru, mutuwar aure kuma ta yi ƙasa. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Mai karatu da gaggawa zai ce ai alheri ne, aure ya ƙara ƙarko. Ni a wurina tambayar ita ce, mace nawa ce ta zauna don zaman ya yi daɗi, mace nawa ce ta zauna don ta duba waje ta ga babu inda za ta?

A Tarayyar Sobiyet abin ya wuce misali. Mutum wajen miliyan 27 suka halaka a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ƙidayar 1959 ta nuna mata sun fi maza da kusan miliyan 20. Elizabeth Brainerd, a binciken da ta buga a 2017, ta nuna cewa matan da wannan giɓi ya fi shafa sun fi rasa aure, sun fi haihuwa ba miji. Gwamnati ba ta tsaya kallo ba, sai dai duba ɓangaren da ta tallafa. Dokar iyali ta 1944 ta tsaurara saki, ta kuma hana macen da ta haihu ba aure kai uban ɗan ƙara don ya ɗauki nauyinsa. A takardar haihuwar irin wannan yaro, gurbin sunan uba fayau ake barin shi. Ƙasa tana neman 'ya'yan da za su maye gurbin matattu, sai ta sauke wa maza nauyi ta ɗora wa mata, ta haɗa da lambar girma ga wadda ta haifi goma ta raina su.

Yanzu mu koma Ruwanda, inda ake cewa mata sun ci ribar masifa. Giulia La Mattina ta yi wani aiki da aka buga a 2017, wanda a ganina ya kamata duk mai jawo misalin majalisar Ruwanda ya fara karanta shi. Ta kwatanta matan da suka yi aure kafin kisan ƙare dangi da waɗanda suka yi bayansa, ta kuma duba tsananin kisan a yankin da kowacce take. Matan da suka yi aure bayan 1994 sun fi shan duka a hannun mazajensu, kuma bakinsu ya fi rashin ƙarfi wajen yanke shawarar gida, abin ya fi muni a inda kisan ya fi tsanani. Bayanin da ya fi dacewa da alƙalumanta shi ne ƙarancin maza: an kashe da yawa, wasu sun tsere, sama da mutum 100,000 kuma suna tsare a gidajen yari, galibinsu maza. Wadda ta yi aure kafin masifar ta riga ta zaɓi mijinta a lokacin da akwai zaɓi. Ƙanwarta kuwa wanda ya rage ta samu, kuma shi ma ya san haka.

To ga ƙasa ɗaya, a zamani ɗaya, mata na cika kujerun majalisa a Kigali, a ƙauye kuma amarya na shan mari ba ta da ta cewa. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai na farkon ake ɗauka hoto a kai taro, na biyun kuwa sai an aika mai tambaya gida gida, ta keɓe da matar, sannan a ji shi.

Batun aiki ma haka yake. Ba na musun cewa yaƙi na tura mata neman na kansu. Jörn Boehnke da Victor Gay sun nuna cewa a gundumomin Faransa da suka fi asarar sojoji, mata sun fi shiga aikin albashi bayan 1918. Amma su waye suka shiga? Akasari matan da yaƙi ya kashe wa mazaje, da 'yan matan da ba su sami miji ba. Dole ce, kuma dole uwar na ƙi. Matar da ta fita aiki don mai ciyar da ita yana cikin kabari, in ka ce mata ta sami 'yanci, kallon da za ta yi maka ya ishe ka amsa. A Amurka ma, inda ake yawan zuzuta matan masana'antun yaƙi, Claudia Goldin, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 2023, ta nuna tun 1991 cewa mafi yawan matan da suka shiga aiki a lokacin yaƙin sun bar shi kafin 1950. Faransa kuwa, duk da wahalar da matanta suka sha daga 1914, ba ta ba su damar jefa ƙuri'a ba sai 1944, kuma sai 1965 matar aure ta sami ikon kama aiki ko buɗe asusun banki ba da izinin miji ba. Shekara hamsin ke nan. In da yaƙi ne mai buɗe ƙofar, ai ba a jira haka ba.

Zan yi wa masu waccan magana adalci a wuri guda. Abin da aka fara da dole yakan zama jiki. Yarinyar da ta tashi tana ganin uwarta na fita aiki ba ta ɗaukar abin baƙo, haka ma ɗan'uwanta idan ya yi aure, kuma Gay ya bi wannan sawu har ga jikoki a wani aikin nasa. Wannan gado ne na gaske. Amma waɗanda suka ci moriyarsa daban, waɗanda suka biya kuɗinsa daban.

Inda binciken ya fi koya mini tawali'u shi ne zancen aurar da yara mata. Na taso da zaton cewa rikici kullum yana jawo auren wuri. A wasu wurare haka ne. Alƙaluman UNICEF kan 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan sun nuna cewa cikin auren da aka yi wa rajista, wanda amarya ba ta kai shekara 18 ba ya tashi daga kashi 12 cikin ɗari a 2011 zuwa kashi 25 a 2013, ya doshi 32 a farkon 2014. Amma a Tajikistan, inda aka yi yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997, Olga Shemyakina ta tarar da akasin haka, matan yankunan da rikici ya fi shafa jinkirin aure suka yi. Ita ce kuma ta nuna cewa 'yan matan waɗannan yankuna sun fi kasa kammala karatun dole, yayin da abin bai taɓa yara maza haka ba. Makaranta ta kuɓuce, aure bai zo ba.

Me ya sa masifa iri ɗaya take haifar da sakamako biyu? Wani aiki da bai shafi yaƙi kai tsaye ba ya haska mini hanya. Lucia Corno da Nicole Hildebrandt da Alessandra Voena sun duba abin da fari ke yi wa shekarun aure, suka buga a 2020. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, inda dukiyar aure ke fitowa daga ɓangaren ango zuwa gidan amarya, shekarar fari na ƙara aurar da yara mata. A Indiya, inda iyayen amarya ne ke biya, fari na rage shi. Uba ɗaya ne a wurare biyun, mai son 'yarsa, wanda rumbunsa ya ƙare. Ɗaya aurarwa ce ke kawo masa sauƙi, ɗayan jinkirtawa.

Ka ɗauki uba a cikin tanti a sansanin gudun hijira. Tantin ba shi da ƙofar da ake kullewa. Banɗaki yana can nesa, dare ya yi babu fitila. 'Yarsa mai shekara goma sha huɗu ta daina zuwa makaranta tun da suka baro gida, shi kuma doka ba ta ba shi damar yin aiki a ƙasar da ya sauka ba. Wani ya zo ya ce yana so, yana da ɗaki na bulo. Idan uban ya amsa, ma'aikacin agaji zai rubuta a rahotonsa cewa al'adar mutanen ce. Alhali a garinsu, shekara uku da suka wuce, wannan uban yana biya wa yarinyar kuɗin littattafai yana fatan ta zama malama. Ba ina wanke shi ba ne, yarinyar ce za ta ɗauki ciki jikinta bai ƙosa ba, kuma ita ba a tambaye ta ba. Ina cewa ne wanda ya kira wannan al'ada zai kawo masa wa'azi da fosta, alhali abin da zai sauya shawararsa makulli ne da fitila da aji da takardar izinin aiki.

Wannan ne babban abin da nake ganin masana tattalin arziki sun ƙara mana. Kalmar al'ada takan kashe magana. Da an ce al'ada ce, sai kowa ya naɗe hannu, mai karewa ya ce gadon kakanni ne, mai suka ya ce mutanen ne haka Allah ya yi su. Su kuwa waɗannan masu lissafi sai su tambaya, tun yaushe? Ruwa ba ya tsami banza. Faraguwai ta yi yaƙi da Birazil da Ajantina da Yurugwai daga 1864 zuwa 1870, ta rasa kaso mai yawa na mazajenta, kuma masu bincike sun tarar har bayan fiye da ƙarni guda yankunan da yaƙin ya fi ratsawa sun fi yawan gidajen da mace ke riƙe da su. Edoardo Teso ya nuna a 2019 cewa a Afirka, matan ƙabilun da cinikin bayi na Tekun Atalantika ya fi kwashe wa maza sun fi shiga aikin neman kuɗi a yau. Abin da jika ke ɗauka halin mutanensu ne, wata rana tabon rauni ne da aka manta wanda ya yi shi.

Tabon da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ke cikin kai. Akwai wani babban shirin binciken lafiya da yawan jama'a da ake kira DHS, wanda aka fara a 1984, aka kuma riƙa gudanarwa a ƙasashe masu tasowa da dama. Cikin tambayoyinsa akwai wata mai rassa biyar. Mai tambaya takan zauna da mace ta ce mata, a ganinki miji yana da hujjar dukan matarsa idan ta fita ba ta gaya masa ba? Idan ta yi sakaci da yara? Idan ta yi masa gardama? Idan ta ƙi shi a shimfiɗa? Idan ta ƙona girki? Amsar e ce ko a'a. La Mattina da Shemyakina sun haɗa waɗannan amsoshi daga ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara da bayanan inda aka yi faɗa da lokacin da aka yi shi, suka ga matan da rikici ya riska tun suna ƙanana sun fi cewa e. A Peru ma, inda hukumar binciken gaskiya ta ƙiyasta mutuwar mutum wajen 69,000 a rikicin 1980 zuwa 2000, an sami makamancin wannan sakamako. Yarinyar da ta ga mai bindiga ne ke da gaskiya a titi, ba wuya ta girma tana ganin mai ƙarfi ne ke da gaskiya a ɗaki. Ita ce kuma za ta raini 'ya'ya, ta ba 'yarta haƙuri ranar da ta dawo da kumburarren ido.

Ba na so a ɗauka na mayar da waɗannan bincike wahayi. Awonsu yana da giɓi, kuma nagartattun cikinsu su ke fara faɗa. Wadda ta mutu ba a tambayar ta, wadda ta tsallaka iyaka ma sau da yawa ba ta cikin lissafi, ga shi kuwa su ne abin ya fi ci. Rikici ba ya faɗa wa gari kamar ƙuri'a, yakan zaɓi inda talauci ko rashin hukuma ya riga ya yi gida, don haka raba abin da yaƙi ya jawo da abin da ya tarar aiki ne mai wuya. Ko taswirar da ake amfani da ita, da gangan ake gusar da wurin da aka yi tambayar, har kilomita 2 a birni, 5 a karkara, don kada a gane mutanen. Sannan e ɗin da mace ta faɗa wa baƙuwa mai riƙe da takarda ba lallai ne ya zama abin da ke zuciyarta ba, wataƙila abin da take zaton ana so ta faɗa ne. Duk da haka, idan Faransa ta 1920 da Rasha ta 1950 da Ruwanda ta bayan 1994 suka nuna hanya ɗaya, da hannun masu bincike daban daban, ya kamata a tsaya a saurara.

Wannan batu na abin da mutum ke zaton ana so ya faɗa ma yana da nasa amfanin. Leonardo Bursztyn da abokan aikinsa sun tara samari magidanta 500 a Riyad ta Saudiyya, suka tambayi kowa a asirce ko yana goyon bayan mata su yi aiki a wajen gida. Kashi 87 cikin ɗari suka ce e. Da aka tambaye su nawa ne cikin sauran mahalarta suke ganin sun yarda, mafi yawansu suka faɗi adadin da bai kai gaskiya ba. Kowa ya yarda a zuciyarsa, kowa na tsoron maƙwabcinsa. Waɗanda aka gaya wa ainihin adadin sun fi sa sunan matansu a shirin neman aiki. Ba yaƙi a wannan labari, amma ya nuna cewa wani abin da ake gani kamar dutse, ƙasa ce da aka daɓe, kuma abin da tsoro ya daɓe ana iya farfasa shi.

Saboda haka idan aka sake jawo mini majalisar Ruwanda, zan tambaya me ya kai matan can. Tsarin mulkin 2003 ne ya ware musu aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kujerun yanke shawara. Kafin shi, dokar 1999 ce ta ba 'ya mace da matar mamaci haƙƙin gado, bayan da aka ga dubban matan da aka kashe wa mazaje ana korar su daga gonakin da suke nomawa. A 2008 aka yi dokar hukunta cin zarafin jinsi. Mutane ne suka zauna suka rubuta waɗannan, da matsin ƙungiyoyin mata, cikinsu har da na gwaurayen da kisan ya bari. Adda ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Ƙasashe nawa ne suka sha irin wannan jini ba su sami ko ɗaya daga cikin dokokin ba?

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake rufe littafin yaƙi. A teburin sulhu ana ƙirga bindigogin da aka miƙa, da mayaƙan da za a sallama, da abin da za a ba kowannensu ya kama sana'a, da muƙaman da za a raba. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 tun a 2000 kan sa mata cikin sha'anin zaman lafiya, amma har yau masu riƙe da makami ne ke cika kujerun. Kotunan duniya sun ɗan motsa: kotun musamman ta Saliyo ta amince a 2008 cewa auren dole a lokacin yaƙi laifi ne na cin zarafin bil'adama, ta Kambodiya ta hukunta shugabanni biyu na Khmer Rouge, ƙungiyar da ta taɓa mulkin ƙasar, a kansa a 2018, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague kuma ta sami Dominic Ongwen na 'yan tawayen LRA a Yuganda da wannan laifi a 2021. Wannan na matan da aka aura da bakin bindiga ne. Waɗanda suka fi su yawa nesa ba kusa ba su ne irin matan da La Mattina ta ƙirga, waɗanda aka ɗaura musu aure da shaidu da walima bayan an sa hannu a yarjejeniya, ga mijin da ya dawo daga daji da abin da ya gani a kansa. Ba su da kotu, ba su cikin kasafin sake gina ƙasa.

Hanya kusan guda da duniya take jin labarinsu ita ce waccan baƙuwa mai takarda, wadda ƙa'idar aikinta ta ce mace ɗaya kawai za ta yi wa tambayoyi kan dukan da ta sha a kowane gida, kuma in ba ta sami keɓewa da ita ba ta tsallake shafin. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin da hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, ke ba shirin DHS, bayan shekara arba'in ana yin waɗannan tambayoyi, a daidai lokacin da ake gwabza yaƙi a Sudan da gabashin Kwango da Yukiren, kuma 'yan matan da ke da shekara takwas a waɗannan wurare za su kai munzalin aure nan da shekara goma.